Sallah ta wuce, maigida bai dawo daga aikin dare ba

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce a Kurna, shekararmu 9 da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana tela ne, shagonsa yana Fagge. Tun kafin azumi ya koma kwana a shago, saboda a layinsu sai wajen 11 na dare ake kawo wuta, kuɗin man janareta kuma ya fi ƙarfinsa. Aka yi ƙaramar sallah, ya zarce da ɗinkin babba. Yanzu wata biyu ke nan da layya, aiki ya yi sauƙi, yana dawowa gida da wuri, amma barci ya ƙaurace masa. Zai kwanta ƙarfe 11 ya yi ta juyi, ya tashi ya ɗauki waya, ƙarfe 2 ya fita wajen mai shayi ko ya tashe ni in dafa masa taliya. Sai ya idar da sallar asuba sannan barci ya kwashe shi, ba kuma zai motsa ba sai an kira azahar. Har bargo ya rataya a taga. In ya tashi ga ciwon kai, ga faɗa, ga ƙwannafi, tumbi kuma sai fitowa yake yi. Hajiyarsu ta ce sammu ne, kullum ana aiko da rubutu da hayaƙi. Wani abokinsa ya karɓo masa ƙwayar barci a kemis. Ni kuma zuciyata tana raya min ko da wata yake hira a wayar nan. Anti, ciwo ne, ko asiri, ko ni ce na ishe shi?

Wata 'yar uwarki daga Kurna

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma abin da ya tsaya min a rai wata magana ce da kika faɗa a wuce: daga asuba zuwa azahar ba ya ko motsi. Ki ƙirga da yatsunki. Daga 6 saura zuwa 1 na rana, awa 7 ke nan. Wanda barci ya ƙaurace wa da gaske ba ya samun awa 7 a jere, da rana ko da dare. Mijinki yana yin barcinsa cikakke. Lokacin barcin ne ya goce daga mazauninsa, kuma na san abin da ya ture shi.

Kowannenmu yana yawo da agogo a cikin kansa. Wani ɗan curin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne, guda wajen 20,000, duka girmansu bai kai ƙwayar gero ba, suna zaune daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Su ke gaya wa jiki yaushe dare ya yi, yaushe gari ya waye. Ba mu kaɗai aka yi wa wannan baiwa ba. In akwai tsamiya kusa da ku, ki tsaya ki dubi ganyenta bayan magariba, za ki ga sun rufe biyu-biyu kamar an haɗa tafin hannu, da safe su buɗe. Ganyen gyaɗa ma haka yake yi. Tun a 1729 wani masani a Faransa, de Mairan, ya kulle irin wannan tsiro a wuri mai duhu, sai ya tarar ganyen ya ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokacinsa ba tare da ya ga rana ba. A 2017 kuwa Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka karɓi lambar yabo ta Nobel saboda sun gano ƙwayoyin gadon da ke juya wannan agogo, kuma a jikin 'yan ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace suka gano su.

Agogon namu yana da 'yar matsala ɗaya. In aka bar shi shi kaɗai, kwanansa ya ɗan ɗara awa 24, da wajen minti 10 a yawancin mutane. Kamar agogon bangon gidan kaka ne da ke jan ƙafa, sai an riƙa saita shi kullum. Abin da ke saita shi haske ne. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman waɗanda ba ruwansu da gane fuska ko karatu, aikinsu kawai su auna yawan haske su kai rahoto, kuma farin haske mai ratsin shuɗi ya fi tayar da su. Hasken safe yana janyo agogon baya, ya sa a ji barci da wuri. Hasken dare yana tura shi gaba. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari, melatonin, wajen awa biyu kafin lokacin kwanciyar mutum, zafin jiki ya fara sauka, ya kai ƙarshen saukarsa awa biyu zuwa uku kafin tashi. Gab da farkawa wani sinadarin, kotisol, ya hau, ya kaɗe wa mutum kasala. Haske mai ƙarfi da dare yana danne melatonin ɗin nan.

Yanzu ki shiga shagon maigida da ni ƙarfe 2 na dare. Dogon farin ƙwai a saman silin, wani ƙaramin a kan keke yana dukan shadda fara yana dawowa cikin idonsa, dutsen guga yana huci, rediyo yana yi, yaran shago suna hira don kada gyangyaɗi ya kama su. Daga Sha'aban zuwa Zulhajji, kusan wata huɗu, haka idonsa yake kai rahoton cewa rana ba ta faɗi ba. Da gari ya waye kuma, lokacin da ranar gaskiya za ta gyara maganar, sai ya shige ɗaki ya ja bargo a taga. An yi wa agogonsa ƙarya sau biyu a kowace rana, shi kuma ya gaskata. Yanzu ƙarfe 11 na darenmu, a jikinsa 4 na yamma ce. Ke ki gwada kwanciya bayan la'asar ki ce sai kin yi barcin dare, ki ga irin juyin da za ki yi. Ƙarfe 2 da yake neman taliya kuwa lokacin tuwon darensa ne.

'Yan kasuwar Kantin Kwari masu zuwa Guangzhou sun san wannan wahala, don tsakaninmu da Sin awa 7 ne cif. Ina da ƙane da ke wannan tafiya. Duk dawowarsa, kwanakin farko ana la'asar za ka gan shi yana gyangyaɗi a kan dila, ƙarfe 12 na dare kuma idonsa tar, yana zagaye tsakar gida. Alhazai ba su cika jin abin sosai ba, don Saudiyya awa 2 kawai ta riga mu. Shi ƙanen nawa ranar Kano ce ke warkar da shi cikin mako guda, saboda dole ya fita kasuwa. Mijinki ya yi tafiyar awa 7 ɗin nan bai bar Fagge ba, kuma har yau bai bari ranar Kano ta gan shi da safe ba.

Ciwon kai da faɗa da ƙwannafi duk 'ya'yan gida ɗaya ne. Hanta da hanji da sauran kayan ciki kowanne yana da ƙaramin agogonsa, kuma su lokacin cin abinci suke bi sosai. Jiki ba ya sarrafa sukari da tsakar dare kamar yadda yake yi da rana, sannan wanda ya cika ciki da taliya da ƙwai da shayi mai kauri ya kwanta, ruwan ciki zai biyo maƙogwaro. An daɗe da lura cewa waɗanda suka shafe shekaru suna aikin dare sun fi saurin haɗuwa da ƙiba da ciwon sukari da hawan jini. Ban faɗa don in tsorata ki ba, wata shida ba shekara ashirin ba ne. Amma tumbin nan saƙo ne, a karanta shi.

Sai maganar gyara, kuma zan fara da kuskuren da na san za ki so yi gobe: ki yaye bargon ƙarfe 7 na safe, ki tashe shi, ki ce ya fita ya sha rana. Kada ki yi. Na ce miki zafin jiki yana kaiwa ƙarshen saukarsa awa biyu zuwa uku kafin tashi. Wannan gaɓar ita ce kan iyaka. Hasken da ya shiga ido kafinta, agogo yana ɗaukarsa hasken dare ne, ya ƙara turawa gaba. Wanda ya shiga bayanta shi ne na safe, mai janyowa baya. Ga mai tashi ƙarfe 1 na rana, kan iyakar tana wajen 10 zuwa 11 na hantsi. Ranar ƙarfe 7 a wurinsa fitilar tsakar dare ce, za ta iya ƙara dagula lissafin, ga kuma faɗan da za ku yi a banza.

Daga inda yake za a ɗauko shi. Kwana biyun farko ya tashi 12 da rabi. Da ya buɗe ido a cire bargon, ya wanke fuska ya fita waje, ya yi rabin awa ko fiye a fili. Ba sai ya tsaya cikin ƙwalleliyar rana ba, inuwar darbejiya a ƙofar gida ta wadatar, don hasken inuwar waje ya ninka na ɗaki mai ƙwan lantarki sau goma ko fiye, ko da ido bai nuna miki haka ba. A nan zai karya kumallo, a kan lokaci, ko ba ya jin yunwa. Bayan kwana biyu a dawo da tashin 12 saura, haka-haka, rabin awa zuwa awa ɗaya duk kwana biyu. Agogon jiki ba ya matsawa baya fiye da wajen awa ɗaya a rana ko da an matsa masa, don haka ku ba abin mako biyu zuwa uku kafin tashi ya dawo 7 na safe. Lokacin tashi shi ne abin riƙo. Ba a tilasta wa ido ya rufe, amma ana iya tilasta wa ƙafa ta sauka daga gado. In an riƙe tashi, barcin dare zai biyo baya da kansa. Ranar Juma'a da ranar da ba aiki ma kada a ɗaga masa ƙafa, don ramuwar kwana ɗaya tana iya rushe ginin kwana huɗu.

Na san za ki ce asuba fa? A kwanakin tsakiya, lokacin da barci ya fara ɗaukarsa ƙarfe 2 ko 3, zai tashi ya yi sallarsa kamar kowa. Abin kiyayewa, kada a kunna farin ƙwai, kada ya buɗe waya, ya je masallaci cikin duhun asubar ya dawo ya koma kafin gari ya yi haske. In tashinsa ya matso wajen 8, to daga nan rana ta zama tasa. A Kano tana fitowa tsakanin 6 da 7 saura duk shekara, ba ta yi mana irin wasan da take yi wa Turawa ba. Zaman da dattawa ke yi a ƙofar gida bayan asuba da carbi a hannu har hantsi ya ɗaga, su ibada suke yi, amma agogonsu ma yana samun rabonsa.

Da dare kuma a juya abin. Daga isha'i gida ya dushe. In za ku iya, ku sa ƙwai mai ruwan ɗorawa, mara ƙarfi, a ɗakin kwana da falo. A 2013 wasu masu bincike a jihar Kolorado ta Amurka, ƙarƙashin Kenneth Wright, sun kai mutum 8 daji suka yi mako guda ba lantarki ba waya, sai rana da wutar itace, kuma agogon jikinsu ya dawo baya da wajen awa 2. Mu ba ma buƙatar zuwa Kolorado. Duk wanda ya je ƙauye biki ya kwana uku ya san yadda ake hamma tun ƙarfe 9. Maganar waya kuwa, a ganina an fi ɗora wa haskenta laifi fiye da kima. Hasken nata kaɗan ne in aka gwada da ƙwan shago. Abin da ke cikinta ne ke riƙe mutum, wannan bidiyo ya ƙare wancan ya shigo, har a kira assalatu. Ya sa ta caji a falo. In ya kwanta barci ya ƙi zuwa, kada ya yi ta kokawa da filo. Ya tashi ya zauna a wuri mai duhu-duhu da carbi ko rediyo a hankali, sai ido ya yi nauyi ya koma. Kuma a makon farko kada ma ya kwanta ƙarfe 11, ɓata rai ne kawai. Ya kwanta kusa da lokacin da barcin ke zuwa da gaske, ya riƙa matso da shi tare da lokacin tashi.

Shayin mai shayi, da kofi, da goro, da lemukan ƙara kuzari, duka suna ɗauke da kafeyin, wanda rabinsa yana nan a jini bayan awa 5 zuwa 6 da sha. Daga la'asar ya sallame su. Abincin dare ya ci tare da ku, kuma ki daina tashi dafa taliyar nan, in yunwa ta dame shi ki ajiye masa dabino ko ɗan kunu. In gyangyaɗi ya matsa masa da rana, ƙailular minti 20 zuwa 30 bayan azahar ta isa. Kwanakin nan zai yi fama da ƙarancin barci, don haka ranar da ya tashi kai na juyawa ya bar babur a gida ya hau adaidaita. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama, kuma titin Katsina ba wurin gwada ƙarfi da shi ba ne.

Ƙwayar kemis ita ce ta fi tayar min da hankali a duk saƙonki. Irin waɗannan ƙwayoyi suna kwantar da mutum, ba sa taɓa agogon, kuma jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, yau guda gobe biyu. Ki nemi kwalin ki ga sunanta. In kwana kaɗan ya yi yana sha, ya ajiye. In ya kwashe makonni yana sha kullum, kada ya yanke lokaci guda, likita ne zai sauke shi a hankali, don yankewa farat ɗaya tana iya jawo rawar jiki har da farfaɗiya. Akwai kuma tambayar da ba a son yi, ni zan yi ta: a watannin nan na aikin dare, da me yake hana kansa barci? Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tiramadol ta shiga cikin masu aikin ƙarfi da masu kwana a kan sana'a. Ban ce yana sha ba. In yana sha, shawarata ta taga da bargo ba za ta wadatar ba, sai an haɗa da asibiti. Ana sayar da melatonin ma a matsayin ƙwaya, tana kuma taimakawa wajen matso da agogo, amma amfaninta yana ga lokacin da aka sha ta, don haka likita ne zai tsara.

Ku je asibiti ba jira in kin lura yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya tsaya ya farka a firgice, ko yana yawan ƙishirwa da fitsari, ko ya daina jin daɗin komai yana maganar gajiya da rayuwa, ko akasin haka, ya kwana biyu ko uku ba barci sam amma yana ta zuba da shirye-shiryen da ba su da kan gado. Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano duk suna da likitocin da za su duba shi. Ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, a auna jininsa da sukarinsa, ba wani kuɗi ba ne mai yawa.

Hajiya kuma kada ki ja da ita. Uwa ce ta ga ɗanta ya canja, ta ɗauko abin da ta sani. Addu'a ba ta hana buɗe taga, buɗe taga ba ta hana addu'a. Hasali ma tana iya zama babbar mai taimakonki. Ki tuna mata, cikin ladabi, ayoyin Suratun Naba'i inda Allah ya ce ya sanya dare sutura, ya sanya yini lokacin neman abinci, da kuma abin da aka ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. In Hajiya ce ta ce masa ya riƙa zuwa gaishe ta kullum da zarar ya tashi, a ƙafa in gidan ba nisa, zai je, ya kuma sha ranarsa a hanya. Hayaƙin dai a rage shi a rufaffen ɗaki saboda ƙirjin yara.

Ban manta da tambayarki ta ƙarshe ba. Ba ni da ido a cikin wayarsa, ba zan rantse miki a kan abin da ban gani ba. Abin da zan iya cewa, duk abin da kika lissafa agogon da ya goce ya isa ya jawo shi, ba sai an nemo wata mace an saka a lissafin ba. Mutumin da idonsa biyu shi kaɗai a gida kowa yana barci, waya ce abokiyar zamansa. In zargin ya ci gaba da cin ki, ki tambaye shi kai tsaye, amma ki zaɓi lokaci. Kada ki tare shi yana tashi daga barci, lokacin kansa a ɗaure yake. Tsakanin magariba da isha'i ya fi, a jikinsa tsakar rana ce, ransa a sake. Ki fara da cewa kin ga wahalar da ya sha don ku yi sallah cikin rufin asiri, don gaskiya ce, ya sha ta.

A wannan zaman ne kuma za ku yi maganar baɗi, saboda azumi zai dawo, wuta kuma ban ga alamar za ta canja hali ba. Ba kowane aikin tela ne ke buƙatar lantarki ba. Awo, da yanka, da sa maɓalli, da ƙarasa aikin hannu, duka na rana ne. Keken ƙafa da iyayen gidansa suka koyi sana'a a kansa bai mutu ba, guga kuma akwai ta gawayi. Abin da dole sai da wuta, kamar aikin wuyan riga, a tara shi a yi a farkon zuwanta, a sa lokacin rufe shago, ko da ƙarfe 1 ne, a kuma sauko da fitila kan allura maimakon a haske shago duka kamar filin biki. In da hali a fara tara kuɗin ƙaramar sola tun yanzu, ko da adashi ne. Sannan ya rage karɓar ɗinkin da ya san ba zai gama ba sai ya kwana goma bai runtsa ba. Da teloli suna yin haka, da alkawarin tela bai zama abin zolaya a garin nan ba, ni ma da atamfata ta bara ba ta yi sallah a shago ba.

Ki samo ɗaya daga cikin littattafan makarantar yaran, ki ware shafi guda. Kullum ki rubuta lokacin da ya tashi, da lokacin da kike jin barci ya ɗauke shi, da ko ya fita waje. In mako uku ya cika tashin bai matso ko da awa 3 ba, ku tafi wurin likita da shafin a hannu. Gobe dai ƙarfe 12 da rabi, ki shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ki zuba kokon safe a filas ki ajiye masa ƙosai.